Tawadar da Ta Ci Takarda

Yanzu in ka ce wa yarinya ta dafa tawada, dariya za ta yi maka, ta ce ai ba miya ba ce. Ran kasuwar Kibiya da ta wuce jikata ta shigo da wata 'yar kwalba, wai tawada ce ta saya don makarantar Islamiyya. Na karɓa, na buɗe, na shinshina, na ɗiga a harshe. Yarinyar ta saka ihu, “Iya, guba za ki sha?” Na ce ke tafi can, ni da na fi shekara arba'in ina ɗanɗanar tawada, taki ce za ta kashe ni? Ba ta da bauri, ba ta da ɗaci, ba ta da ɗanɗanon komai da na sani. Ban san uwarta ba, ban san ubanta ba. Mu a da, duk abin da za a jeme fata da shi, ko a rina zane, ko a yi rubutu, mun san itacen da ya fito, mun san watan da ake tsintarsa, mun san abin da yake so da abin da ba ya so. Yau kowa sai ya miƙa hannu a kanti a ba shi. Ba na cewa sun yi laifi, sauƙi ne Allah ya kawo musu. Na dai mayar mata da kwalbarta, na zauna ina tuna wata tawada da na taɓa dafawa.

A Rurum na tashi, a hannun Gwaggo, yayar mahaifina. Mace ce doguwa, marar yawan magana, tafin hannunta baƙi ƙirin kamar na marina. Duk tsangayun da ke kewayenmu ita ke yi musu tawada, kamar yadda uwarta ta yi. Da sanyi ya shigo, 'ya'yan bagaruwa sun bushe suna zubowa, sai mu ɗauki ƙwarya mu tafi bakin fadama tsinto. Ƙarar dakan bagaruwa daban take da ta gero, wata ƙaras-ƙaras ce mai sa haƙori tsami, ga ƙurarta mai shaƙe maƙogwaro, mai daka na tari, mai tankaɗe na atishawa. A gidan nan bagaruwa ba ta da hutu. Majema su zo su ɗiba don jima, mai ciwon baki a jiƙa masa ya kuskure, mai zawo a ba shi kaɗan ya sha, mai jego a dafa mata. A gefe ga karan dafi, wanda in ya haɗu da ruwan toka sai ya yi ja wur. Ga lalle, wanda ba ya kamawa da kyau sai an matsa masa lemun tsami. Ga ƙaro a cikin tsohon ƙoƙo, muna sata muna tauna yana manne mana a haƙori. Gwaggo kan ce, “Kowane itace da abin da Allah ya ɓoye a cikinsa, kuma kowane da abokin da ke fito da shi.” Ni dai a lokacin ƙaron ne ya dame ni.

Tawada iri biyu take yi. Akwai ta allo, wadda ake haɗawa da baƙin bayan tukunya da ƙaro. Ita wannan ba ta da wuya, ana wanke ta, ana ma shan ta. Sai ta takarda, wadda ake so ta fi mai rubutun daɗewa a duniya, kuma a nan gwanintar take. Za a jiƙa dakakkiyar bagaruwa kwana uku a tukunyar ƙasa, a tace. A je maƙera a roƙo kashin maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke saura a gindin wuta, a wanke shi, a jefa ɗan kaɗan a ciki. A ɗora a wuta marar ƙarfi tun hantsi har la'asar, ana juyawa da kara, ba da ludayin ƙarfe ba. Maƙwabta in sun leƙo sukan ce, “Masu dafa dutse, yaushe za a sha romon?” Gwaggo ta ce, “Sai mai haƙuri.” Daga ƙarshe a saka ƙaro don ta kama bakin alƙalami. Abin mamakin shi ne ruwan bagaruwa ja-ja ne, ƙarfe kuma ba ya rini, amma in suka haɗu sai baƙi ya fito daga tsakaninsu. Sai dai ba nan take ba. In aka yi rubutu da ita, da fari fara-fara take fitowa kamar ruwan shayin da bai ji ganye ba. Sai ta kwana, ta sha iska, sannan ta yi baƙi, kuma kullum ƙara baƙi take yi.

Doka ɗaya Gwaggo take da ita, kuma da harshe ake gwada ta. Kafin a sauke tukunya sai ta tsoma kara ta ɗiga mini a baki. “Me kika ji?” In na ce bauri, sai ta ce madalla. In na ce ƙarni, irin na jini in mutum ya ciji harshensa, sai ta ɗauki tukunyar ta kai bayan gida ta zubar, ko da yini guda muka yi a kanta. Na taɓa yin kuka a kan haka, don ni na yi dakan. Ta ce, “Ke, saurara. Ƙarfe mayunwaci ne. In kika ba shi bagaruwa ya ƙoshi, zai kwanta a kan takarda har jikokin jikokinki. In bai ƙoshi ba, takardar zai ci.” Na ce, “Gwaggo, kin taɓa gani?” Ta ce, “Ban taɓa ba, don ban taɓa bari ba.” A raina na ce zancen tsofaffi ne, irin na kada a zauna a kan turmi. Amma hannuna ya koyi aikin, harshena ma ya koya, har ta rasu ban taɓa saɓa mata ba.

Aka kawo ni aure Unguwar Gai gidan Malam da tukunyar tawadata a cikin kayan ɗaki, mutane na dariya. Malam mahaddaci ne tun yana saurayi, ga murya, ga natsuwa. Abu ɗaya ya rage masa. A wajen mutanen tsangaya, hadda ba ta cika sai mutum ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, daga farko har ƙarshe, ba tare da ya duba ba, gwanaye su bi shi baƙi-baƙi su shaida. Abokansa na karatu duk sun yi, wani ma sau uku. Shi kuwa noma ya riƙe shi, ga iyaye tsofaffi, ga ƙanne, ga mu. Kullum sai ya ce bana in an cire amfanin gona. Bana ta zama baɗi har furfura ta fito masa. In sun haɗu a wajen suna ko jana'iza sai wani abokinsa mai barkwanci ya ce, “Alaramma, gida da marina amma riga fara?” Wato ga matarsa tana yi wa duniya tawada, shi bai rubuta ba. Malam ya yi murmushi. Ni ce nake ganin yadda yake dawowa ya ƙi cin tuwo.

Shekarar da aka kafa Shari'a a Kano, gari ya ɗauki wani irin zafi na addini. Ko'ina wa'azi, rediyo ba ta da zance sai wannan, samari na ɗaure tuta a babura suna tafiya birni, 'yan siyasa kowa ya nemi rawani ya ɗora. Mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, kowa na ganin duniya za ta gyaru kafin kaka. Malam bai je ko'ina ba. Da ya ji sanarwar sai ya ce, “Kowa da abin da zai kawo. Ni ga nawa.” Ya hau acaɓa ya tafi Rano, ya dawo da damin farar takarda mai kauri, ya yanke ta daidai-daidai, ya fiƙe alƙaluman gamba. Ya ce da ni, “Ke 'yar Rurum,” haka yake kirana in yana cikin nishaɗi, “a ɗora tukunya.” Na ɗora. Ban taɓa dafa tawada da na kula da ita kamar wannan ba. Yana zama a zaure bayan sallar walha, ya ɗora allo a gwiwa, takarda a kai, ya yi ta rubutu har azahar. Daga tsakar gida ina jin ƙarar alƙalami ƙyar-ƙyar, da ɗan gunaguninsa in yana bin aya. In damina ta faɗi ya ajiye, in an yi girbi ya ɗauka. Shekara uku yana haka, kullum tarin takardu na ƙara tudu a cikin gafaka, jakar fatar da ake ajiye Alƙur'ani.

Ya kai wajen Yasin, wato saura kusan kashi ɗaya cikin huɗu, idonsa ya fara. Da fari ya ce hayaƙin murhuna ne. Daga baya ya koma zama a bakin ƙofa inda haske ya fi, sannan ya koma cikin rana tsaka. Aka kai shi asibiti a birni, suka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙa ɗiga magani a ja wa sauran lokaci. Rubutun jiya yana iya gani, don ya yi baƙi. Wanda ke fitowa daga bakin alƙalami ne ba ya gani, saboda tawadar fara take sauka. Sai ya riƙa ɗora layi a kan layi, ko ya bar kalma rabi ya wuce. Washegari in ta yi baƙi ya ga ɓarnar, ya ware takardar gefe. Rannan ya ɓata bakwai a jere. Ya wanke alƙalumansa, ya ɗaure su da zare, ya miƙo mini. Ya ce, “Ajiye. Allah bai nufa ba.” Wata biyu bai ƙara taɓa takarda ba. Yana zaune a zaure, hannuwansa a kan gwiwa, yatsunsa na motsi su kaɗai. Wallahi na tsani ganin hannuwan nan.

Muna da maƙwabciya, matar wani baduku, mace mai son mutane da son ba da shawara. Na shiga gidansu aron rariya na tarar mijinta na yi wa jar fata ado. Ya tsoma tsinke a wani ruwa mai wari da ke cikin gwangwani, ruwan ba shi da wani launin kirki, amma yana taɓa fatar sai baƙi ya tashi nan take, kamar an zuba kwalli. Na tsaya ina kallo. Matar ta ce, “Kuloko ke nan, ba ki san shi ba? Tsofaffin ƙusoshi ne da guntayen ƙarfe, a jiƙa su a ruwan tsamiya su yi kwanaki. Ita fata ai ta riga ta sha bagaruwa a wajen majema, shi ya sa yana taɓa ta take amsawa.” Na gaya mata abin da ke damuna. Ta tafa hannu ta ce, “Haba baiwar Allah, ga magani a gonar yaro! Zuba wannan a tawadarki ki gani.” Ba ta yi da mugunta ba, a wajensu abin kirki ne, ita fata tana da jurewa. Ta cika mini ƙoƙo na fito da shi a ƙarƙashin mayafi.

Na ɗora sabuwar tukunya. Da bagaruwa ta dahu sai na tuttula kulokon nan, ban ma auna ba. Nan take tukunyar ta koma baƙi wuluk, har tana sheƙi. Na tsoma kara na ja a bayan hannuna, baƙi. Na ja a guntun takarda, baƙi tun kafin ya bushe. Sai na ɗiga a harshe, don hannu ya saba. Babu bauri ko kaɗan. Ƙarni ne tsantsa, da tsami a bayansa, har haƙorana suka mutu. Ba zan ce ban gane ba, na gane sarai. Na tsaya da tukunyar a hannu, ƙafata ɗaya ta nufi bayan gida. Sai na hango Malam ta ƙofar zaure yana zaune yadda na bar shi. Na ce a raina, ita Gwaggon ma ai ta ce ba ta taɓa gani ba. Na tofar da yawun, na kuskure baki, na saka ƙaro, na tace, na zuba a kurtu.

Na kai masa da alƙalumansa na ajiye a gabansa. Ya ce, “Ba na ce ki ajiye ba?” Na ce, “Gwada dai, Malam.” Ya daɗe kafin ya kwance zaren. Ya tsoma, ya ja harafi ɗaya, ya kawo takardar kusa da fuska, ya mayar da ita nesa. Sai ya yi wata dariya da ban ƙara jin irinta a bakinsa ba. “Ke 'yar Rurum! Yau me kika yi mata?” Na ce, “Wuta na ƙara mata kawai.” Ya ce, “Allah ya yi miki albarka.” Na ce amin, na koma madafa. Daga ranar bai ƙara ajiyewa ba, ko damina bai tsaya ba, ya bar wa yara gona. Yana tsere da idonsa ne, kuma ya riga shi da kaɗan. Cikin wata tara ya kai ƙarshe, ya bi da ja ya sa wasali, nan ma da ƙyar.

Aka yi walima. Gwanaye uku suka zauna kwana da kwanaki suna bin rubutun, gyaran da suka samu bai taka kara ya karya ba. Aka yanka rago, aka yi waina, mutane daga Yalwa da Rurum da cikin Kibiya. Abokin nan nasa mai barkwanci ya ɗaga wata takarda daga na ƙarshe ya ce, “Ku dubi baƙi! Wannan ai ko daga kan doki ka karanta.” Lokacin ana kakar zaɓe, wani ɗan takara da ya biyo da motoci ya ce a ba shi Alƙur'anin ya kai gidansa don albarka, zai yi abin da ya dace. Malam ya ce, “Alhaji, ba na fita ba ne.” Ni ina cikin gida ina raba waina, mata na yi mini barka, suna cewa rabin ladan nawa ne. Bayan shekara biyu idon ya rufe gaba ɗaya. Bai yi raki ba. Yakan ce, “Ido ya gama aikinsa, ya tafi hutu.” Gafakar tana rataye a ɗakinsa, in ya wuce ya shafa ta.

Ni ce mai fito da Alƙur'anin duk bayan damina, in yi alwala, in baza takardun a inuwa su sha iska. Shekarun farko lafiya lau, har na fara cewa ashe dai zancen tsofaffi ne. A ta biyar ko ta shida na ga haruffan ƙarshen sun yi wani jan da'ira a gefensu, kamar gumi a wuyan riga. Na juya bayan takardar na ga rubutun ya huda ya fito. Na mayar na rufe. Shekarar da ta biyo na ɗaga wata takarda ta tsage a kan layi, tsaf kamar an bi da reza. Ta gaba kuwa, da na zaro damin, sai na ji wani abu na zuba a gindin gafaka. Na leƙa na ga baƙin gari. Na ɗaga takarda sama, rana ta shigo ta cikin haruffan. Daga farko har wajen Yasin, wanda aka yi da tawada irin ta Gwaggo, yana nan garau kamar jiya aka rubuta. Daga nan zuwa ƙasa ya koma rariya. Duk shekara in na mayar sai Malam ya ce, “Lafiya dai yake?” In ce, “Lafiya lau.” Sau huɗu na faɗi haka.

Autata tana kwalejin horon malamai a lokacin, kimiyya take karanta. Da ta zo hutu na ja ta ɗaki na nuna mata, na gaya mata komai. Ta dafe ƙirji ta yi salati. Da ta natsu sai ta ce, “Inna, abin nan mai bauri a cikin bagaruwa sinadari ne, a makaranta tanin muke ce masa. Shi ne a goro, shi ne a ganyen shayi. Shi ke kama ƙarfe ya riƙe, daga nan baƙin ke fitowa. Ƙarfen da ya yi yawa bai samu mai riƙe shi ba, shi da tsamin nan, duk damina in laima ta shigo sai su farka su riƙa cin takardar.” Na ce, “Wannan karatun Gwaggo ta yi mini shi tun ubanki bai yi gemu ba. Magani nake tambaya.” Ta ce, “Abin da ya ci ya ci, Inna.” Ta ce ko a ɗauki hotonsu, muka gwada ɗaga guda goma, shida suka karye a hannunmu. Na ce bari. Na roƙe ta kada ta gaya wa babanta. Ta ce, “Ba zan faɗa ba, amma ba zan iya kallonsa ba,” ta koma makaranta tun hutu bai ƙare ba.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne sabon masallacin Juma'a da aka gina a kusa da mu. Wata safiya bayan ya sha koko Malam ya ce, “Na yi tunani. Ni ba gani nake ba, kuma kwana ya ƙare. Zan ba da Alƙur'anin nan waƙafi a masallaci, a riƙa karantawa, ladan na iske ni a kabari. Na aika wa liman, za su zo bayan la'asar. Ɗauko mini in yi masa sallama.” Na tafi ɗakin, na sauke gafakar, na tsaya. Na yi tunanin in ce bera ne, ko gara. Gara ba ta zaɓen sura. Na dawo na durƙusa a gabansa na ajiye. Na ce, “Malam, akwai magana.” Na faɗa masa tun daga gidan baduku har zuwa rariya, ban rage komai ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo hannu, na ɗora masa takarda ɗaya a tafi. Ya bi ta da ɗan yatsa a hankali, yana taɓawa tana marmashewa.

Ya ce, “Daga ina ta fara?”

Na ce, “Daga Yasin.”

“Har ƙasa?”

“Har ƙasa.”

Ya jinjina kai. Can ya ce, “Ranar kin ɗanɗana?” Ya san al'adata, shekara da shekaru yana ganina ina yi. Na ce na ɗanɗana. Ya ce, “Kin ji?” Na ce, “Na ji, Malam.” Ina jira ya ce wani abu mai zafi, har na sunkuyar da kai na shirya. Sai ya ce, “Alƙalamin da nake yini uku da shi, da tawadar nan sau biyu nake fiƙe shi kafin azahar. Cinye bakinsa take yi. Ga warinta irin na gidan dukawa. Tun a makon farko na san ba wuta kika ƙara ba.” Na ɗago na ce, “To me ya hana ka magana?” Ya ce, “Ina gani ne. Wata biyu ban ga rubutuna ba, sai ga shi ina gani. Na ji tsoron in tambaye ki ki faɗa mini gaskiya.”

Ya sa na ware daga Yasin zuwa ƙasa. Ya ce in zazzage gindin gafakar, kada ko ƙwaya ta faɗi ƙasa, don haruffa ne, ba a share su da tsintsiya. Na zazzage a faranti. Ya ce in zuba masa a hannu, na zuba. Ya rufe tafinsa ya ɗan jijjiga kamar mai auna iri. Ya ce, “Wata tara ke nan. Bai ma cika hannu ba.” Ya aika aka gaya wa liman kada su wahala, ba a ba da abin da bai cika ba waƙafi. Muka naɗe takardun da garin a farin ƙyalle. Ni na haƙa ramin da kaina a bayan rumbu, inda ƙafa ba ta bi, na riƙo hannunsa na kai shi, shi ya saka, ni na mayar da ƙasa. Sauran kashi ukun na mayar a gafaka na rataye inda take. Ban ƙara ganin ya shafa ta ba.

Ya yi shekara huɗu bayan nan. Kullum ni ke kai masa ruwan alwala, ni ke ɗiga masa maganin idon da ba ya gani da shi, muna hira kamar da, har 'yar Rurum yana kirana. Na yi ta jira, ko ran da muka saɓa a kan wani abu, ya ce ke da kika cinye mini littafi. Na tanadi amsa tsaf, zan ce ai kai ma ka sani ka yi shiru, mu yi faɗa mu huce, kowa ya ɗauki rabonsa. Bai taɓa yi mini gori ba har aka fita da shi. Amsar tana nan a bakina, ban samu wanda zan ba ba.